Tururuwa a Nonon Rashidatu

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Rashidatu a gidan Mma Adizatu da ke unguwar Choggu a Tamale. Ni da mijina Masahudu haya muke. Ita kuwa matar ɗan gidan ce, Abdul-Wadud, mai tuƙa yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku. Bangon ba shi da kauri, don haka abin da zan rubuta ba ji na yi a bakin wani ba. Yawancinsa an yi shi 'yata Latifatu tana goye a bayana.

Washegarin da Rashidatu ta dawo daga asibiti da jaririnta, Mma Adizatu ta fito tsakar gida da ɗan ƙoƙo. Ta sa mai jego ta tatsa nononta a ciki, ta je gindin darbejiya ta tsinto tururuwa, ta jefa. Hukuncin kowa ya san shi: in tururuwa ta fito da ƙafarta, nono mai kyau ne, in ta mutu a ciki, mai guba ne. Muka tsaya muna kallo. Tururuwar ta yi ta fafutuka, ta kama gefen ƙoƙo santsi ya mayar da ita, ta sake kamawa, har ta daina motsi.

Mma ta watsar da nonon a bayan katanga, ta ce dama ta sani. Ta ce ɗan farin Rashidatu da ya rasu yana jariri, ba zazzaɓi ne ya ɗauke shi ba kamar yadda likitoci suka ce, abin da ya sha ne.

"Wannan kam ba za ki kashe min shi ba," ta ce, ta karɓi yaron.

Daga ranar aka koma ba shi madarar shanu. Wata Bafulatana daga bayan Sagnarigu take kawowa da safe, Mma ta sirka da ruwa, ta zuba a fida, kwalbar nan mai robar tsotso. Famfonmu ya daɗe bai kawo ruwa ba, na dam muke saya a jarka. Na ce wa Mma a riƙa tafasawa. Ta ce ta yi jego tun kafin a haifi uwata.

Ƙirjin Rashidatu ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya kama ta. Takan zaga bayan makewayi ta tatse a ƙasa. Wata rana na bi ta da ruwan ɗumi, na tarar tana tura ƙasa da ƙafa tana rufe wurin. Na tambaye ta dalili. Ta ce kada kajin Mma su sha.

A nan na gane maganar ta wuce kunnenta, ta shiga ciki.

Ranar suna aka yanka rago, aka sa wa yaro Kamaldeen. Mata suka cika gida suna yaba girmansa, don ya zo duniya da jiki. Uwarsa tana zaune a lungu, gaban rigarta a jiƙe, ta yafa mayafi tana ɓoyewa. Bayan suna ta ware kofinta. Ta daina taɓa tukunyar tuwo, sai wanke-wanke da shara. In Latifatu ta rarrafo wurinta, sai ta janye ƙafafunta kamar wadda ta ga garwashi zai faɗo kan tabarma.

Na tare Abdul-Wadud a ƙofar gida yana goge yalo-yalonsa. Bai yi fushi ba. Ya ce shi ma abin yana damunsa, amma uwarsa ce ta raine su duka, ba wanda ya mutu a hannunta. Ya ce in ya saɓa mata kuma wani abu ya sami yaron, ina zai sa kansa a cikin dangi? Ya ce, Sista Farida, harkar mata ce wannan, sannan ya ta da inji. Mma kuwa ba ta ɗauki kanta azzaluma ba ko kaɗan. Ita ke goya yaron, ita ke yi masa wanka, tana yi masa waƙa da Dagbanci. Ta ce min ta binne jika ɗaya, ba za ta zauna ta binne na biyu don kunyar suruka ba. Mijina ma da na kai masa ƙara, cewa ya yi mu 'yan haya ne, in riƙe bakina.

Kamaldeen ya fara zubewa. Wuyansa da yake da ninki ya zama kamar na ɗan tsako.

Ranar awon jarirai na ce wa Mma zan raka Rashidatu asibitin unguwa, tunda ni ma zan kai Latifatu. Ta yarda, bayan ta ja wa surukarta kunne kada ta kai maganar gida waje. Nas mai awo ta ɗora yaron a sikeli, ta ɓata fuska, ta tambaya ko ana ba shi nono. Rashidatu ta ce ana ba shi. Ni na kalli ƙasa.

A ƙarshen barandar asibitin akwai wani ɗaki da mutane ke kira ɗakin mahaukata. Na Madam Rauda ne, nas mai kula da damuwar zuciya da tunani. Na san ta, don bayan na haifi Latifatu na yi fama da tsoro mai hana ni barci, ita ta zauna da ni har na samu kaina. Na ja hannun Rashidatu muka zaga ta baya, kada 'yan unguwa su gan mu.

Na ɗauka Madam za ta ce mata nononta lafiya ƙalau, shi ke nan. Ta faɗa, ta kuma kira nas mai awo suka duba yaron, suka ce a mayar da shi nono a ranar. Amma ta ga maganar ta zame a kan Rashidatu kamar ruwa a kan leda. Sai ta jawo kujera kusa, ta tambaye ta abin da ke faɗo mata a rai in Kamaldeen ya yi kuka.

"In na ɗauke shi zan cuce shi."

"To, mu ce haka ne. Me hakan yake faɗa a kanki?"

"Ban isa uwa ba."

"In ba ki isa uwa ba, ke mece ce?"

Rashidatu ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Da ta buɗe baki, muryar ba ta rawa ko kaɗan, kamar mai faɗin sunanta.

"Ni guba ce, Madam. Duk abin da ya raɓe ni lalacewa yake yi."

Ta ce uwarta a wurin haihuwarta ta rasu, kuma tun tana ƙarama take jin ana cewa ita ta cinye ta. Ashe Mma Adizatu ba shuka ta yi ba, ruwa ta zuba wa abin da ya daɗe a binne.

Madam Rauda ta ce mata waɗancan ƙananan tunane-tunane, na kaji da na kofi da na tukunya, ganye ne. Wannan da ta faɗa yanzu shi ne saiwar. In an tsinke ganye wani zai tsiro, sai an tono ƙasa. Ta ce ba ta neman Rashidatu ta yarda da ita don tana sanye da farar riga. Ta tambaye ta, in ta je kasuwar Aboabo, mai sayar da shinkafa ta rantse mata ba tsakuwa, shin aunawa take yi kawai? Rashidatu ta ce a'a, sai ta damƙa ta duba. Madam ta ce to haka za ta yi wa wannan magana, don tunani ma kaya ne da ake miƙo wa mutum, ba dole ya saya ba.

Madam ta ce wa Rashidatu ta kawo hujjojin da ke nuna ita guba ce. Suka zubo da sauri: uwarta, ɗanta na fari, tururuwa. Ta ce ta kawo waɗanda ke nuna akasin haka. Rashidatu ta nema ta rasa ko ɗaya. Sai Madam ta tambaye ta ko ta taɓa ganin an jefa tururuwa a nonon wata matar. Ba ta taɓa ba. Ni ma ban taɓa ba.

"To ku je ku gwada gwajin," in ji Madam.

Ta nemi ta biyo mu gida ta yi magana da Mma. Rashidatu ta durƙusa tana roƙonta kada ta zo, ta ce in aka ji ta shiga wannan ɗaki, za a ƙara mata hauka a kan guba.

Muka jira ranar da Mma ta tafi gaisuwar mutuwa. Na ɗauko ƙoƙon nan nata daga jikin ƙusa, na tatsa nawa nonon, wanda ya yi wa Latifatu kumatu kamar burodi. Rashidatu ta riƙe, na jefa tururuwa. Ta yi fafutukarta ta mutu. Muka wanke, muka zuba madarar Bafulatana da ake ba Kamaldeen. Ita ma tata tururuwar ta mutu.

Na ce, "To ga shi. Ni ma guba ce, saniyar Fulani ma guba ce. Sai a rufe Tamale gaba ɗaya."

Gefen bakinta ya motsa, na ɗauka dariya ce za ta fito. Sai ta kalli hannuwanta.

"Sista Farida, ni na riƙe ƙoƙon."

Na ji kamar in jijjiga ta. Da muka koma wurin Madam na faɗa mata cikin ɓacin rai. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce irin wannan imani kamar mai gadi ne a bakin ƙofa, abin da ya yi kama da shi kaɗai yake bari ya shiga, wanda ya saɓa masa sai ya murɗe shi har ya yi kama. Ta ce abin da aka shekara ashirin ana ginawa ba ya rushewa da ƙoƙo ɗaya, hujja ake ta tarawa har ta yi masa nauyi. Ta koya wa Rashidatu, in tunanin ya zo, kada ta ce "ni guba ce", ta ce "ga tunanin nan ya zo", sannan ta tambaye shi wa ya aiko shi, da me ya zo. Ta kuma ce a kawo yaron a kwantar da shi in gudawa ta fara.

Madam tana da haƙuri, aikinta na haƙuri ne. Jikin jariri ne ba ya jira.

Gudawar ta fara a makon. Maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka shige. Mma ta kwaɓa wani baƙin magani ta shafa masa a ka, ta ce warin nonon uwarsa ne da ya cika ɗaki yake shaƙa. Ta kwashe kayansa ta mayar da shi ɗakinta. Rashidatu takan tsaya da tsintsiya a bakin ƙofar, tana share wuri ɗaya, tana jin kukansa yana ƙanƙancewa.

Na yi ta juya maganar hujja a raina. Tururuwa ba ta ishe ta ba. Abu ɗaya kawai nake da shi da ya fi tururuwa nauyi.

Na nemi izinin Masahudu in ba ta Latifatu ta shayar, don nono zumunci yake ƙullawa, ba a yin sa a bayan idon uba. Na tuna masa ni nake raka Rashidatu awon ciki, na san gwajin jininta lafiya yake. Ya ce in na tabbata, in yi. Da hantsi na shiga ɗakinta, na kwance Latifatu, na ɗora mata a cinya.

Ta ɗaga hannuwa sama kamar an nuna mata bindiga. "Ki ɗauke ta, don Allah. Ki ɗauke 'yarki."

"Yunwa take ji. Ni kuma ina da wanki."

Ba zan ɓoye ba, ni ma a cikin irin waɗannan maganganu na girma, kuma ba su fita daga jikin mutum don ya je makaranta. Amma na juya baya na fita. Latifatu ba ta san tururuwa ba, ba ta san Mma ba, ta laluba ta kama. Ta sha ta ƙoshi, ta yi barci, ta farka ta bi kyanwa tana jan wutsiyarta.

Washegari da sassafe Rashidatu tana bakin ƙofata. "Ta tashi?"

"Ta tashi, har ta zubar min da koko."

Haka ta yi ta zuwa kowace safiya da tambayar nan. Wata safiya ba ta tambaya ba, ta tsaya tana kallon yarinyar kawai, ta ce a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi, wataƙila ba nonon ba ne. A ranar, da Mma ta shiga wanka, ta lallaɓa ta ɗauki Kamaldeen ta sa shi a ƙirji. Ya kama, ya ja kaɗan, ya saki. Ƙarfin tsotso ya riga ya ƙare masa. Ta ci gaba da satar shayar da ɗanta duk sanda Mma ta ba da baya, tana matsa masa a baki ɗigo-ɗigo.

Na ce a kai shi asibiti. Mma ta ce yaron da maɗigarsa ta faɗa ba a yi masa allura. Abdul-Wadud ya ce gobe, yau yana da lodin doya zuwa kasuwa. Gobe ta zo ya ce a bari a ga aikin maganin tsohuwa.

Ranar Alhamis da safe yaron ya daina kuka, sai baki da yake buɗewa. Rashidatu ta shiga ɗakin Mma ba sallama, ta ɗauke shi, ta goya. Mma ta tare ƙofar gida, ta tambaye ta wa ya ba ta izini.

"Mma, ɗana ne," ta ce. "Ki matsa."

Ban taɓa jin ta yi wa wani magana haka ba. Mma ma ba ta taɓa ji ba, shi ya sa ta matsa. Muka tari yalo-yalon wani, ba na mijinta ba.

An nemi jijiya a hannunsa an rasa, sai a kai aka samu, aka sa masa ruwa. Kafin la'asar ya cika. Likita ya kira Abdul-Wadud, ina tsaye, ya gaya masa ɓaro-ɓaro: ruwan jikin yaron ne ya ƙare, madarar shanu da ruwan dam ba abincin jariri ba ne, da an bar shi a nonon uwarsa, ko an kawo shi da wuri, da wata maganar ake yi. Abdul-Wadud ya gyaɗa kai. Ya ji, na ga ya ji.

Amma a gida wani labarin aka shimfiɗa tare da tabarmin gaisuwa. Ashe Mma ta taɓa leƙowa daga makewayi ta ga Rashidatu tana shayar da yaron. Duk matar da ta shigo, sai ta kama hannunta tana hawaye na gaske, ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, ta raba shi da abin, amma yarinyar nan ta bi ta baya ta ba shi. Matan suka riƙa juyawa suna kallon lungun da Rashidatu take. Na miƙe na faɗi abin da likita ya ce. Wata dattijuwa ta ce ba a gardama a gidan mutuwa. Na kalli Abdul-Wadud. Ya ce kwanan yaron ne ya ƙare, kowa ya yi haƙuri.

Bai saki Rashidatu ba. Ya kai ta gidan gwaggonta a Kanvili, wai ta huta. Mu kuma Mma ta aiko a gaya mana tana bukatar ɗakinta ƙarshen wata.

Ba wanda ya taɓa ɗaga hannu ya daki Rashidatu a gidan nan. Ba a hana ta tuwo ba, ba a hana ta sabulu ba. Da za a kai ƙara, ba tabon da za a nuna. Suna kawai aka ba ta, aka yi ta maimaitawa safe da yamma har ta riƙa amsawa da kanta, kuma kowa a gidan yana da dalilinsa mai kyau. Tsohuwa tana kare jika. Miji yana biyayya ga uwa. Maƙwabta suna kiyaye zaman lafiya. Madam Rauda tana samun Rashidatu sau ɗaya a mako, na ɗan lokaci, ta ƙofar baya. Masu zuba wa saiwar ruwa kuwa da su take kwana, da su take tashi. Ku da kuke da ƙananan 'ya'ya a gabanku, ku san abin da kuke kiran su da shi. Ku da kuke ji ta bango, kada ku jira yadda na jira ranar awo.

Na je Kanvili bayan damina ta ɗauke. Rashidatu ta rame, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Ta ce har yanzu tana zuwa wurin Madam, yanzu ta ƙofar gaba. Na tambaye ta tunanin fa.

"Yana zuwa. Kullum da safe, da muryar Mma. Yanzu ya sami sabuwar hujja, ya ce na ba shi ya mutu." Ta jefa ɓawo a kwando. "Wata rana ina iya tambayarsa. In ce masa yaron ya fara zubewa tun ban taɓa shi ba. Wata rana kuma ba na iyawa, sai in kwanta."

Latifatu ta fara tafiya a lokacin. Ta saki zanena, ta nufe ta tana tangaɗi. Na ga ƙafafun Rashidatu sun fara janyewa da kansu. Sai suka tsaya. Ta bar su a inda suke, yarinyar ta zo ta faɗa a kansu, ta cusa hannu a cikin gyaɗa. Rashidatu ta dafa bayanta, tana jin numfashinta yana hawa yana sauka.

A hanyar komawa na bi ta Choggu don karɓo turmina da na bari. Matar ƙanen Abdul-Wadud ce ta buɗe min, yarinya mai fara'a, an ba su tsohon ɗakinmu. Cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Ta bayan kafaɗarta na hango ƙoƙon a rataye jikin ƙusarsa, an wanke shi tas. Gindin darbejiya kuwa tururuwa sai kai da kawowa suke yi.